Saura wata huɗu in miƙa furojet, babi na ɗaya ma bai tsaya ba

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, Sashen Ilimi. Taken furojet ɗina shi ne "Matsalolin Ilimin 'Ya'ya Mata a Arewacin Najeriya". Saura wata huɗu in miƙa, amma sau biyu malamin da ke duba ni yana dawo mini da babi na ɗaya, ya ce ba shi da alƙibla. Na sauke takardu sun fi sittin a waya, na kwafi abubuwa da yawa na zuba a fayil ɗaya, yanzu na kasa gane wanne na ɗauko daga ina. Wata ƙawata ta ce in je shagon buga takardu a haɗa mini gaba ɗaya in huta. Kaina ya kulle, ku ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Wata huɗu zai ishe ki, amma sai kin yarda da abu ɗaya tun yau: malaminki ya faɗi gaskiya, kuma ciwon yana cikin taken ne. Arewacin Najeriya jiha 19 ce, ilimin mata ya taso daga firamare har jami'a, matsaloli kuwa ba su da iyaka. Duk takardar da ta ambaci mace da makaranta ta shiga cikin wannan take, shi ya sa kika tara sittin kuma kowacce kike ganin tana da amfani. Muddin babu tambayar da kike neman amsarta, ba ki da ma'aunin da za ki ce wannan ta shiga, waccan ta fita.

Ki matse taken ta fuska uku: su wa, a ina, a wane mataki. Ga misalin da za ki iya kammalawa a lokacin da ya rage: dalilan da ke sa 'yan mata ba sa wucewa daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji ɗaya na babbar sakandare, a makarantun gwamnati huɗu na ƙaramar hukuma ɗaya, wadda za ki iya zuwa ki dawo a yini guda. Wannan gaɓa tana da hujja mai ƙarfi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, to daidai inda wajabcin ya ƙare nan kike son ki duba abin da ke faruwa. Daga nan ki fitar da tambayoyi uku, kada su wuce huɗu. 'Yan mata nawa ne suka gama aji uku ba su ci gaba ba a shekaru uku da suka wuce? Waɗanne dalilai su da iyayensu suke bayarwa? Me makarantun suke yi idan yarinya ta daina zuwa?

Waɗannan tambayoyi su ne zaren da zai ratsa kundin duka. Kowace tambaya za ta koma manufa ɗaya a babi na ɗaya, ta samu sashenta a babi na biyu, ta samu hanyar tattara bayaninta a babi na uku, ta samu jadawalinta ko bayaninta a babi na huɗu, ta samu amsarta a babi na biyar. Mai jarrabawa ranar kare kundi wannan zaren yake bi. Idan ya ga manufa huɗu a gaba, ya ga amsa uku a baya, ko ya ga shawarar da babu sakamakon da ya haife ta, nan zai tsaya ya yi ta tambaya.

Kada ki sake kai wa malaminki babi na ɗaya a makon nan. Ki kai masa shafi ɗaya tak, bugagge: sabon take, matsalar a jimla huɗu ko biyar, tambayoyin, wurin da za a yi aikin, da yadda za ki samu bayanai. Shafi ɗaya zai karanta shi kina tsaye. Ki roƙe shi ya sa hannu da kwanan wata, kuma ki tambaya a sashe ko sauya take yana bukatar a sanar da mai kula da furojet na sashen, don kada a wayi gari taken da ke rajista daban, na kan kundinki daban.

Yanzu fayil ɗin da kika cika da kwafe-kwafe. Wannan ne wurin da ya fi damun mu, domin daga irinsa ne ɗalibai masu gaskiya suke faɗawa cikin satar fasaha ba da niyya ba. Bayan wata biyu za ki buɗe shi, ki ga jimla mai daɗi, ki ɗauka ke kika rubuta. Kada ki ɗauki komai daga cikinsa kai tsaye zuwa kundi. Abin da kika ga lallai kina so, ki ɗauki jimla ɗaya daga ciki, ki sa ta tsakanin alamun zance a Google, yawanci zai kai ki ga asalinta. Wanda kika kasa gano tushensa ki haƙura da shi, komai kyansa.

Takardun nan sittin kuma ki tace su a kwana uku. Kowacce ki ba ta minti goma: ki karanta tsakure, ƙarshen gabatarwa, da kammalawa. Tambaya ɗaya za ki yi mata, wato wacce daga cikin tambayoyina uku ta taɓa? Wadda ba ta taɓa ko ɗaya ba ki cire ta. Wadda ba ta da sunan marubuci, ko shekara, ko inda aka buga ta, ita ma ta fita. Za ki ga abin da ya rage bai wuce ashirin zuwa ashirin da biyar ba, kuma waɗannan ne za ki yi wa karatun tsanaki.

Daga yau, ba za ki karanta shafi ɗaya na kowace takarda ba sai kin fara rubuta bayananta cikakku: sunan marubuci ko marubuta, shekara, taken aikin, sunan mujalla da lambar kundinta da ta fitowarta da shafukan farko da na ƙarshe, ko sunan maɗaba'a idan littafi ne, da lambar DOI (lambar shaidar takarda a intanet) ko adireshin intanet idan akwai. Littafin rubutu mai kauri ya isa, kowace takarda da shafinta. Idan kina da kwamfuta, manhajar Zotero kyauta ce, tana adana waɗannan bayanai kuma tana jera miki manazarta da kanta, sai dai ki riƙa duba abin da ta ɗauko, don takan rikita sunaye da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashin bayanan ki raba abin da kike rubutawa kashi uku, kowanne da alamarsa. Maganar marubuci da kika kwafa baƙi da baƙi, ki sa ta cikin alamun zance da lambar shafi a take. Ra'ayinsa da kika faɗa da kalmominki, ki sa masa alamar da kika zaɓa, shi ma da lambar shafi. Tunaninki na kanki, kamar "wannan ya saɓa wa abin da na gani a waccan takardar", ki rubuta shi da biro mai wani launi. Kashi na ukun nan shi ne zai zama muryarki a babi na biyu, kuma shi ne abin da malamai suka fi nema su rasa.

Faɗin magana da kalmominki ya wuce musanya kalma biyu ko uku a jimlar wani. Hanyar da ke aiki ita ce ki karanta sakin layin, ki rufe takardar, ki rubuta abin da kika fahimta kamar kina yi wa ƙawarki bayani, sannan ki buɗe ki gwada ko kin karkatar da ma'ana. Ko a hakan sai kin ambaci mai ra'ayin. Haka nan idan kin fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ko daga Hausa zuwa Ingilishi, fassarar taki ce amma ra'ayin na mai shi ne.

Game da inda za ki nemi ƙarin takardu: a Google Scholar, ƙarƙashin kowane sakamako akwai mahaɗin da ke nuna waɗanda suka ambaci aikin daga baya, ta nan ake samun sababbi daga tsoho mai kyau. AJOL ya tattara mujallun Afirka da yawa, ciki har da na Najeriya. Ki tambayi sashen intanet na laburaren jami'arku irin rumbunan da suka yi wa rajista, kamar JSTOR, don ɗalibai da yawa suna gamawa ba su san makarantarsu ta biya musu ba. Alƙaluma kuwa ki ɗauko su daga tushe: binciken NDHS (kan yawan jama'a da lafiya) na 2018 na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, binciken MICS (kan halin yara da mata) na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ke Ma'aikatar Ilimi ta jiharku. Adadin da kika gani a jarida ko a Facebook ki bi shi har rahoton da ya fito daga ciki. Tsofaffin kundaye na sashenku ki duba biyu ko uku don ganin tsarin da sashen ke so. ChatGPT da ire-irensa sukan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara waɗanda babu su a duniya, kuma su zo da kama ta gaskiya sak. Duk abin da ba ki buɗe da idonki kika karanta ba, kada ya shiga manazartarki.

Babi na biyu yakan lalace ta hanya ɗaya: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, sakin layi bayan sakin layi, har shafi ashirin, ba a haɗa kowa da kowa ba. Ki tsara shi bisa batutuwa. Sashe ɗaya kan kuɗi da talauci, ɗaya kan aure, ɗaya kan nisan makaranta da tsaro, gwargwadon abin da karatunki ya nuna. A kowane sashe ki faɗi inda masu bincike suka haɗu, inda suka rabu, da dalilin rabuwar, wataƙila wannan a birni ya yi aikinsa, wancan a ƙauye, ko wannan malamai ya tambaya, wancan iyaye. Ƙarshen babin ya nuna giɓin da aikinki zai cike, kuma ki faɗe shi daidai girmansa. "A cikin ayyukan da aka duba ba a ci karo da wanda ya bi rajistar makarantun wannan ƙaramar hukuma ba" magana ce da za ki iya karewa. "Ba a taɓa bincike a kan wannan ba" kuwa tambaya ɗaya za ta rushe ta.

A babi na uku akwai ramin da masu irin takenki suke yawan faɗawa. Suna buga takardar tambayoyi ɗari biyu, su shiga aji su raba wa ɗalibai, su tambaye su me ya sa 'yan mata ke barin makaranta. Waɗanda suka bari ba sa cikin ajin. Abin da aka tattara zaton waɗanda suka zauna ne game da waɗanda suka tafi. Hanyar da ta fi ita ce ki fara da rajista. Ki zauna a ofishin mataimakin shugaban makaranta da rajistar aji uku ta bara a hannun dama, ta aji ɗaya na babbar sakandare ta bana a hannun hagu, ki bi suna-suna. Sunan da ya ɓace ki sa masa alama, sannan ki tambayi malamin ajin, domin wata ta koma wata makaranta ce, wata iyayenta sun tashi daga garin, kuma waɗannan ba su bar karatu ba. Idan ba ki tace su ba, adadinki zai kumbura. Waɗanda aka tabbatar sun daina, ta hannun malama mace ko mai unguwa za ki kai gare su. Hira da goma sha biyar, da wasu daga iyayensu, ta isa aikin digiri na farko.

Idan sashenku ya dage sai an yi takardar tambayoyi, ki ba malamai, ko 'yan aji uku na yanzu kan niyyarsu ta ci gaba da abin da suke ganin zai hana su. Yawan waɗanda za a tambaya, ɗalibai sun fi amfani da lissafin Yamane na 1967: a ninka yawan jama'ar da 0.0025, a ƙara ɗaya, a raba yawan jama'ar da abin da ya fito. Idan 'yan aji uku na makarantun huɗu su 600 ne, 600 sau 0.0025 ya ba da 1.5, a ƙara ɗaya ya zama 2.5, a raba 600 da 2.5, an samu 240. Ki ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda za su ɓata ko ba za su dawo ba, wato ki buga 264. Amma lissafin yana aiki ne idan an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunaye. Wanda ya raba wa waɗanda ke zaune a layin gaba, ko ya cika 240 ɗin, samfurinsa bai wakilci kowa ba. Kafin ki buga da yawa ki gwada ta a kan mutum ashirin a makarantar da ba ta cikin huɗun. A nan za ki gano tambayar da ta haɗa abu biyu, kamar "kuɗin makaranta da nisa suna hana ki zuwa?", wadda mai amsa ba za ta san wanne take amsawa ba. Idan kin fassara ta zuwa Hausa, ki ba wani wanda bai ga ta Ingilishin ba ya mayar da ita, ki gwada ki ga inda ma'ana ta zame.

Yawancin waɗanda za ki yi hira da su ba su kai shekara 18 ba, don haka sai da yardar iyaye ko mijinta idan ta yi aure, da yardarta ita kanta. Ki gaya musu ke wace ce, me za a yi da maganarsu, kuma suna da damar su ƙi. Kada ki naɗi murya sai an amince. A kundi kada sunan kowa ya fito, ki ba su lambobi. Maganar da yarinya ta faɗa miki game da gidansu amana ce.

Takardar gabatarwa daga sashenku da izinin hukumar da ke kula da makarantun ki fara nemansu tun mako na biyu, don sukan ɗauki lokaci kuma ba a hannunki suke ba. Ki duba kalandar makarantun ma: idan fitarki ta faɗa cikin hutu ko makon jarrabawa, kin yi asarar wata guda. A makonni goma sha shida da kike da su, biyun farko na take da tace takardu ne, huɗu na karatu da babi na biyu, ɗaya na babi na uku da gwaji, uku na fita fili. Biyu ki ware wa shigar da bayanai da babi na huɗu, kuma kada ki raina su, domin hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu. Shi ya sa ya fi kyau ki rubuta kowace hira a daren da kika yi ta. Mako ɗaya na babi na biyar, da sake gyara babi na ɗaya ya dace da abin da aka yi a zahiri, da tsakure, wanda shi ake rubutawa a ƙarshe duk da yana gaba. Ukun da suka rage na gyaran malami da ɗaure kundi ne, kada ki ci bashinsu. Ƙidaya da kashi cikin ɗari Excel ya ishe ki. Idan kin ba wani ya yi miki da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ki zauna kusa da shi har ki iya bayanin kowane adadi da bakinki.

Tsarin ambato ki tambayi wanda sashenku ke bi. Sassan ilimi galibi tsarin da ake kira APA suke bi, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. A cikinsa ana sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara a cikin rubutu, a ƙara lambar shafi idan an kwafo magana. Maganar da ba ta kai kalma 40 ba tana zama cikin alamun zance, wadda ta kai 40 ana ware ta a sakin layinta, a tura ta ciki, ba alamun zance. Idan ba ki ga aikin asali ba, a cikin littafin wani kika gan shi, ki faɗi hakan, ki sa wanda kika karanta a manazarta. Sunayenmu na Hausa sukan kawo ruɗu, don wani sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, wani sunan garinsu. Ki bi yadda marubucin ya rubuta a kan aikinsa, kuma kada ki kira mutum ɗaya da suna biyu a wurare biyu. Kafin ki miƙa, ki buga kundin, ki ɗauki fensir, ki bi kowane ambato a cikin rubutu ki nemo shi a manazarta ki yi masa alama. Wanda ke ciki babu shi a manazarta ki ƙara, wanda ke manazarta ba a ambace shi ba ki cire. Idan jami'arku na amfani da Turnitin, manhajar da ke gano kamanceceniyar rubutu da na wasu, ki tambayi iyakar kamanceceniyar da suka sa tun yanzu, kowace makaranta da tata.

Kowace ranar da kika yi aiki ki adana fayil da kwanan watan ranar a sunansa, ki tura wa kanki ta imel. Filash yakan kwaso cuta a shagon buga takardu, waya takan ɓata. In za ki kai bugu ki mayar da shi PDF, don kada jadawali ya wargaje ko baƙaƙe masu lanƙwasa su koma akwatuna a kwamfutar shagon.

Shawarar ƙawarki kuwa, kada ki bi ta. Abin da ake sayarwa a irin waɗannan shaguna yawanci tsohon kundi ne aka sauya wa suna da gari, da alƙaluman da ba wanda ya tattara, kuma mai yiwuwa an sayar wa wasu kafin ke. Malamin da ya ga babinki na ɗaya sau biyu ya san hannunki. Ranar kare kundi za a ce ki faɗi sunan shugabar ɗaya daga makarantun da kika je, ko yadda kika zaɓi waɗanda kika tambaya, kuma wanda ya karɓi kuɗinki ba ya cikin ɗakin. Hukuncin yana iya kaiwa ga faɗuwa da maimaita shekara, ko abin da ya fi haka. Ban da wannan, ke malama za ki zama, za ki tsaya gaban yara ki hana su satar amsa.

Duk takardar da malaminki ya yi wa gyara da biro ki adana ta, ki zo da ita tare da sabuwar a zama na gaba, ki nuna masa inda kika gyara. Ki roƙe shi ya tsayar miki da rana ɗaya duk mako biyu, kuma kada ki zauna jiran babi ya dawo, ki ci gaba da na gaba. Idan aka yi mako uku ba ki same shi ba, ki je wurin mai kula da furojet na sashen cikin ladabi, da shafin nan da aka sa wa hannu, ki ce lokaci ne ke ƙure miki kina neman a taimaka. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.